Shanyar Noela

Da la'asar ɗin ranar Laraba, Noela ta fito da kwandon wanki ta nufi igiyar shanya a bayan gida. Mijinta, Elio Tognola, yana zaune a baranda da sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana bin ta da ido kamar bai taɓa ganin mace na shanya ba. Ta baza zanen gado, ta rataye tawul da rigunan aikinsa da gajerun wandunansa, tana yi tana ɗan waƙe-waƙenta a hanci. Babu mai shanya da la'asar a wannan yanki namu na Ingham, don raɓa ce kawai za ta sha kayan. Gidan Tognola ne kaɗai ke yi, su ma sai ranar Wasan Asali.

Sau uku a shekara, lokacin sanyi da yankan rake, 'yan zari-ruga na jiharmu Queensland ke karawa da na New South Wales, jihar da ke kudu da mu. Ba ruwan wasan da kulob ɗin da ke biyan mutum albashi. Jihar da ka tashi, ita za ka buga wa, ko da abokin ɗakinka ne a ɗaya ɓangaren. Namu suna sa riga ruwan makuba, nasu shuɗiya. Suna ce mana Kwaɗi, muna ce musu Kyankyasai, kuma ni dai har yau ban ga wanda aka zalunta da suna ba. Elio kuwa ko a cikin Kwaɗi babban kwaɗo ne. Manomin rake ne ɗan manomin rake, ya haura saba'in, kuma shi ne mutumin da ya sa aka sake wa sabuwar tarakta fenti kafin ta shigo gonarsa, don kawai ta zo shuɗiya.

Asalin shanyar tun suna sabon aure ne. A wancan zamanin ana cinna wa rake wuta da yamma kafin a yanka, tokar ta yi ta saukowa baƙa ƙirin a kan komai. Wata rana ana cin Queensland, saura minti goma a tashi, sai maƙwabci ya cinna tasa gonar. Noela ta tuna ta bar farin zanen gado a igiya, ta fita da gudu. Kafin ta dawo namu sun ci sau biyu sun ɗauke wasan. Wani mijin da dariya zai yi ya manta. Elio kuwa zama ya yi ya yi tunani, kuma tunanin Elio bai cika zama alheri ga na kusa da shi ba. A wasa na gaba, da aka shiga matsi, sai ya juyo ya tambaye ta ko ba ta bar komai a igiya ba. Ta fita don ta ba shi dariya. Aka sake ci. Shi ke nan, magana ta zauna daram.

Daga baya har sharuɗa abin ya yi. Dole wankin gaske ne, ba tsumma ɗaya na yaudara ba. Dole ita kaɗai za ta fita, in saura minti goma kuma ana cin mu, kuma ba ta dawowa sai an busa tashi. In aka ci nasara, shanya ce. In aka sha kashi, to ta makara da fita, ko ta leƙo ta ƙofa, ko kayan ne ba su yi yawa ba. Ban taɓa jin Elio ya ce yaran kudu sun fi namu iyawa a ranar ba. An daina ƙona rake tun tuni, amma shanyar tana nan.

Gari duk ya sani. Mahauci kan tambaye ta ranar wasa ko ta yi wanki. Fada ya taɓa tare ta a bakin coci ya ce mata camfi ba na mai bi ba ne, sannan ya rage murya ya ce amma wanki tsafta ne, tsafta kuwa babu laifi. Ita dai murmushi take yi. Mace ce mai sanyin hali, ta san wasan kamar tafin hannunta, har takan riga alƙali ganin laifi, amma shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa ganin ƙarshen wasan da ya yi zafi ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba, Elio kuma bai taɓa tambayarta ba.

Abin da ya dagula lissafin bana shi ne Darcy.

'Yarsu ɗaya ce, Carmel, ta auri wani direban babbar mota ɗan Dubbo ta bi shi can cikin ƙasar Kyankyasai. Elio ya yi shekara yana kumbure-kumbure, sai da aka haifi Darcy ya sauko. Duk hutun ƙarshen shekara sai an turo yaron gona, kuma a kan ciyawar bakin gonar nan Elio ya koya masa kamu. Yakan ce masa ya manta da ƙirji, ya manta da ƙwallo, ya nufi ƙafafu ya rungume su biyu a haɗe, don duk ƙaton da ya gani a kan ƙafa yake tsaye. Shi da kansa yake zama ƙaton, yaro ya yi ta kayar da shi har Noela ta kira su cin abinci. Rigar makuba kuwa ya saya masa ta fi a ƙirga. Amma a Dubbo Darcy ya tashi, a can ya fara buga ƙwallo, kuma dokar asali ba ta san wa ya saya maka riga ba.

Ranar Lahadi da rana waya ta yi ƙara. Elio bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, inda aka yi masa aikin ƙugu aka sa masa sabo, don haka da ƙyar ya kai gare ta. Darcy ne. Wani ya ji rauni a sansanin horo, an kira shi ya zauna a benci a wasa na uku, wasan raba-gardama, tunda kowace jiha ta ci ɗaya. Elio ya fashe da kuka, kukan gaske, har Noela ta fito daga kicin da gari a hannu tana zaton mutuwa aka yi. Sai da ya share fuska ya tuna kalar rigar da za a sa wa jikansa.

"Nonno," in ji Darcy, don haka yake kiran kakansa, Noela kuma Nonna, "abu ɗaya nake roƙo. Kar ka tura Nonna shanya."

Yana dariya ya faɗa. Elio ma ya yi dariya, ya tambaye shi ko suna ba shi abinci sosai a can, ya miƙa wa Noela wayar. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Carmel ta ce akwai kujera biyu a filin wasa, amma likita ya hana Elio hawa jirgi, Noela kuma ta ce ba za ta bar tsohon da ba ya iya sa wa kansa safa ba. Ta faɗa ne tana ninke kaya, ko kallonsa ba ta yi ba. A falo za su kalla, kamar kullum.

Wanda bai san Elio ba zai ce mene ne abin wahala a nan, jika ne fa da ƙwallo. Amma shi a wajensa shanyar ba wasa ba ce, aiki ne kamar zuba taki. Ya yarda da ita har cikin ƙashinsa. In ya tura Noela, Queensland za ta ci, kuma shi da hannunsa ya kayar da jikansa a ranar da ta fi kowace rana a rayuwar yaron. In bai tura ta ba, garkuwar gasar za ta tafi kudu, kuma duk Ingham za ta san daga gidan wa ɓarakar ta fito. Sai ya koma roƙon Allah ya sa namu su yi nisa tun farko, kada a buƙaci kowace shanya, Darcy ya buga da kyau ya sha kashi cikin mutunci. Addu'a ce ta mai son kai, shi ma ya sani.

Ranar Litinin da aka kai shi aski, tun daga ƙofa aka tarbe shi da barka da zuwa kakan kyankyaso. Wanzami ya tambaye shi ko a shafa masa shuɗi a gashi. Ya rama, don bakinsa bai yi aikin ƙugu ba, amma abin ya zauna masa a ƙirji. Ranar Talata sai ga Stan Pavlich, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun firamare, wanda a falon Elio yake kallon kowane Wasan Asali. Ya zauna ya sha shayi, ya yabi Darcy, ya ce yaron kirki ne, kowa na alfahari da shi. Sannan ya matso ya ce yaro ne fa, gaba gare shi, zai sake samun wasu wasannin, amma garkuwa in ta tafi sai baɗi, kuma su biyun nan babu wanda ya ba su takardar ganin baɗi. Elio ya ce masa ya shanye shayinsa ya tafi.

Shi ya sa a la'asar ɗin Larabar yake kallon Noela haka. So yake ta tambaye shi. Da ta ce masa yau fa ba ta fita, da ya yi faɗa kaɗan ya haƙura, laifi ya zama nata. Da ta ce za ta fita, da ya ce ita ta zaɓa. Amma Noela ta maƙale ƙarshen zanen gado, ta juya igiyar, irin mai juyawar nan kamar laima, ta ɗauki kwandonta ta zo ta wuce shi. Abin da ta ce kawai shi ne rigarsa tana kan gado, kuma ya ci abinci da wuri kada ya ɓata ta da miya. Haushi ya kama shi, ya rasa wa zai ji haushi.

Stan ya iso bayan magariba da gwangwanayen giya da mayafin wuya na makuba, duk da cewa sanyinmu na arewa bai kai na mayafi ba. Suka ci taliya da dunƙulen nama. Elio ya zauna a kujerarsa ta kullum, mai hannu, wadda ke fuskantar talabijin, Stan a gefe, Noela a ƙarshen doguwar kujera da kofin shayinta. Kwandon yana bakin ƙofar baya, inda take ajiye shi duk ranar wasa.

Da aka jera 'yan wasa ana taken ƙasa, hoto ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan Darcy, ya ɗan tsaya. Kunnuwan Tognola ne sak, manya, a buɗe. Noela ta ce ya rame. Elio ya ce ƙiba ma ya yi, amma muryarsa ba ta fito daidai ba, sai ya yi tari ya ɗora wa taliya laifi.

Rabin farko ya tafi yadda ya roƙa. Namu suka ci, suka ƙara, aka tafi hutu suna gaba. Elio ya saki jiki har yana tsokanar Stan. Amma da aka dawo sai Kyankyasai suka zama wasu mutane daban. Suka ci a kusurwa, suka sake ɓarkewa ta tsakiya, mai bugunsu kuma kamar da igiya yake ja, bai ɓarar da ko ɗaya ba. Kafin a ankara sun wuce da maki biyu. Duk wannan Darcy yana benci cikin babbar riga. In hoto ya ratsa ta wajen, sai Noela ta ɗan miƙa wuya, in ya wuce ta koma ta jingina. An sa duk sauran 'yan bencin, shi kaɗai ya rage. Elio ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa ƙila ma ba za a sa shi ba, sai a tura Noela ba tare da ta rasa komai ba. Kunya ta kama shi da ya gane abin da yake fata.

Agogon da ke kusurwar hoto ya ci gaba da tafiya. Stan ya daina shan giyarsa, yana kallon agogo yana kallon Elio. Da ya ga Elio ya ƙi kallonsa sai ya juya da kansa.

"Noela, lokaci fa ya yi."

Ta ajiye kofinta. Ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, yadda mai shekarunta ke miƙewa, ta je ta ɗauko kwandon ta ɗora a ƙugu. Hanyar ƙofar baya ta gefen kujerar Elio take bi. A daidai lokacin hoto ya koma bakin fili, sai ga Darcy ya tuɓe babbar rigar ya jefar, ya tsaya a kan layi yana tsalle-tsalle, wani na riƙe da kafaɗarsa yana yi masa magana a kunne.

Noela ta gani. Ta tsaya, ta kalle shi sosai, kamar mai son ta tafi da shi a ido. Sannan ta gyara kwandon ta ci gaba da tafiya.

Wannan ci gaban da ta yi shi ya karya Elio. Da ta yi gardama da ya san yadda zai yi da ita. Amma ta ga jikanta zai shiga fili, ta haƙura da kujerarta a can saboda safarsa, ga shi yanzu za ta haƙura da wannan ma, ba tare da ko tsaki ba, don kawai tsohon mijinta ya yarda da zanen gado. Bai san lokacin da ya ɗaga sandarsa ya maƙalo hannun kwandon da lanƙwasar kanta ba.

"Zauna, Noela."

"Kayan za su sha raɓa."

"Su sha."

"Ana cin ku fa, tsoho."

"Na gani. Zauna ki kalli jikanki."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta sauke kwandon a ƙasa, ta koma ta zauna. Wannan karon ba ta jingina ba.

Stan kuwa ya miƙe tsaye. Ya ce Elio ya haukace, maganin asibiti ne ya taɓa masa kai, ya ce shekara arba'in ana abu sai yau da aka fi buƙata za a fasa. Ya dubi talabijin, ya dubi kwandon, sai kawai ya sure shi ya yi waje da gudu, mutumin da a kan shingen waya yake shanya tunda matarsa ta rasu. Suna jin igiyar tana ƙara yana fizgar kaya yana zagin maƙalan da ke riƙe da su.

Taɓa ƙwallon Darcy ta farko, wani ƙaton gaba na Queensland ya haɗu da shi ya shimfiɗe shi a ƙasa. Da a wata shekarar ce, da Elio ya yi tafi. Yau sai ya ji abin a nasa haƙarƙarin. Noela ta ce a hankali, tashi ɗan nan, shi kuwa ya tashi ya karkaɗe ya koma layi. Namu suka matsa, suka matsa, Kyankyasai suka toshe. Elio ya rasa me zai so. In namu suka ci gaba ya ji daɗi, in suka doshi inda Darcy yake ya tsorata. Bai taɓa kallon wasa mai wahala irin wannan ba, kuma bai taɓa jin numfashin Noela a gefensa a irin wannan lokacin ba.

Saura abin da bai kai minti ba, ƙwallo ta bi hannu zuwa hannu har ta isa ga ɗan gefenmu, yaron nan mai gudu kamar an harbo shi. Ya zille wa mutum ɗaya, ya bi bakin layi, gabansa babu kowa sai kusurwa. Irin wannan cin ne Elio ya yi rayuwarsa yana jira, irin wanda ake ba jikoki labari. Sai ga wata shuɗiyar riga ta ɓullo daga tsakiyar fili tana yanko hanya a karkace, kunnuwa a buɗe.

Elio ya tsinci kansa a tsaye, babu sanda, cikin rigarsa ta makuba.

"Ƙafa, Darcy! Ƙafa!"

Darcy ya yi ƙasa kamar ya ji shi. Ya rungume ƙafafun biyu a haɗe, suka zame tare suka fita waje, ƙwallo ta faɗi kamar taƙi ɗaya kafin layin ci. Aka busa tashi. New South Wales ta ɗauki garkuwa.

Ƙugun ya tuna wa Elio cewa sabo ne, ya koma ya zauna daɓas. Hawaye na bin fuskarsa, kuma wallahi ko shi ba zai iya ce maka na wane ne ba, na Queensland ko na Darcy. Noela ta miƙo hannu ta riƙe nasa.

Stan ya shigo yana haki, kwando cike, zanen gado na jan ƙasa duk ciyawa, gajeren wandon Elio a kafaɗarsa. Ya ga maki a hoto, ya ajiye kwandon a hankali. Ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, kayan ne suka san hannun mai su. Ya tsaya yana kallo ana maimaita kamun daga gaba, daga baya, daga sama. A karo na uku ya karkata kai.

"Wa ya koya masa wannan kamun? Ba na kudu ba ne wannan."

"Wani kwaɗo ne," in ji Elio.

Stan ya ce to ashe rabin garkuwar tamu ce, kuma haka zai faɗa a wajen aski, duk mai gardama ya same shi. Ya buɗe gwangwani biyu ya miƙa wa Elio ɗaya, duk da likita ya hana.

Washegari da safe dole aka sake wankin, don Stan ya yi masa aika-aika. Darcy ya bugo tun da sassafe da dasasshiyar murya, tambayarsa ta farko ko Nonna ta gani. Elio ya ce ta gani, a gefensa take zaune, kuma kamun ya yi, sai dai ya ɗan makara da sauke kafaɗa. Yaron ya yi dariya har ya shaƙe.

Da Noela ta ɗauki kwando za ta fita, Elio ya ce zai riƙe mata jakar maƙalai. Ta kalle shi ta ce ko zazzaɓi yake ji. Ya bi ta dai da sandarsa, a hankali, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Rana ta fito tas, ƙaramin jirgin rake yana wucewa can ƙasan gona da taragunsa, iska na ɗauke da ƙanshin masana'antar sukari. A wajen aski za a ci namansa har ƙarshen shekara, ya sani, amma ransa fes yake.

Tunda aka kafa igiyar nan bai taɓa tsayawa a gindinta ba. Ya tsaya ya juya ya dubi gidan. Tagar falo a buɗe take. Ya zaci daga nan ana hango talabijin ko da gefensa ne, don ya sha zarginta da leƙe. Ashe bayan talabijin ɗin ma ba a gani. Abu ɗaya ne ke tsakiyar tagar, kujerarsa mai hannu, tana fuskantar waje.

"Daga nan me kike gani?" ya tambaya.

"Kai."

Ta karɓi maƙali a hannunsa ta maƙale tawul. Ta ce kwashe kayan nan bai fi aikin minti biyu ba, sauran lokacin tsayawa take tana kallonsa a hasken fitila. In ya kama kunnensa na hagu, ana kusa da layinmu. In ya buɗe baki ya manta bai rufe ba, wani ne ya ɓalle da gudu. In ya jefar da matashi, an ci mu. Ta ce ba ta taɓa rasa sanin maki ba, sau da yawa ma takan riga rediyon maƙwabta.

Elio ya ji kunya, ya ji daɗi, duka a lokaci guda. Sai ya ce to ai jiya dai ta ga na gaske, ta ga kamun jikanta da idonta.

Noela ta ɗauko rigarsa ta makuba daga kwando, ta yarfe ta, tana murmushi.

"Ban gani ba."

"Kamar yaya ba ki gani ba? Kina zaune!"

"Da ka miƙe kana kiran sunansa, kai na juya na kalla. Sabo ne."

Ya ce to su koma ciki yanzun nan, tun safe ake ta maimaitawa, za ta gani sau goma in tana so. Ta ce ba sauri, ita ta riga ta ga yadda aka yi, kuma ta fi kowa wurin zama mai kyau. Ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba, shi kuma ya sa mata maƙali biyu a ciki, ta rataye rigar.